Harsashi mai dalma ko na zallar tagulla, wanne ya fi wa maharbi?

Indai so kake ka riƙe harsashi ɗaya daga barewa har manyan namun daji, toh zaɓin kusan biyu ne, Nosler Partition ko Barnes TSX.

Partition tsohon hannu ne, tun 1948 yake kasuwa. Cikinsa dalma ce amma an raba ta gida biyu da katangar tagulla, yana shiga jikin dabba gaban sai ya baje nan take ya yi ɓarna a huhu, bayan kuma ya ci gaba da kutsawa ko ƙashi ya tare shi. Shi yasa barewa bata nisa in ya same ta. Matsalarsa dai yana zubar da wajen kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa, ɓurɓushin dalman nan kuma a nama yake zama, wanda gaskiya ba kowa ke son ci ba.

TSX kuwa babu dalma sam, bakinsa ke buɗewa gida huɗu kamar fure, nauyinsa kusan duka yana nan, sau da yawa ma ta ɗaya gefen yake fita. Amma fa yana son gudu, in nisa yayi yawa gudun ya ragu baya buɗewa sosai, shi yasa a bindiga samfurin .30-06 masu amfani dashi ke sauka daga giren (ma'aunin nauyin harsashi) 180 zuwa 165 ko 150, don mara nauyi ya fi gudu.

Ni dai Partition nake gani ya fi dacewa da kowace dabba, sai dai in a jihar Kalifoniya ta Amurka kake, can tun 2019 aka hana farauta da dalma.