Shagon manna wa atamfa duwatsu a Ƙofar Ƙaura

A wannan shagon sai sun wanke atamfa sun fitar da sitacinta kafin su ɗora dutse, domin gam ba ya kama yadi mai sitaci. Shi ya sa aikin wasu wuraren ke zubewa tun wankin farko. Gefen fure suke bi, ba sa cika shi, su shimfiɗa takarda, su danna injin zafi wajen digiri 160 na daƙiƙa 15, su juya baya su ƙara dannawa. Aiki mai tsabta.

Atamfar roba ce ba su ƙware ba: zafin kan bar mata tabo mai sheƙi. Hajiya, ki ce a fara gwadawa a bakin zane. Gab da Sallah kuma alkawarinsu kan saɓa.