Binciken aure: a rufa asiri ko a fasa ƙwai?

Tambayar nan ta sha zuwa mini: dangin yarinya sun zo bincike kan maƙwabcina, na kuwa san halinsa, in yi shiru ko in faɗa?

Ta fuskar addini kowanne na da madogara. Hadisi ya ce wanda ya rufa wa Musulmi asiri, Allah zai rufa masa duniya da lahira. Amma da Faɗimatu 'yar Ƙaisu ta nemi shawarar Annabi (SAW) kan manemanta biyu, bai ɓoye mata ba: Mu'awiya ba shi da dukiya, Abu Jahmi kuma ba ya sauke sanda daga kafaɗarsa. Imamu Nawawi ma ya lissafa irin wannan nasiha cikin wurare 6 da aka halatta ambaton aibin mutum a bayan idonsa.

Wajen sauƙi, shiru ya fi. Ka ce "Allah ya sanya alheri", kowa ya watse. Faɗin gaskiya kuwa akwai tsada, domin magana ba ta kwana a unguwa. Gobe a ce kai ka lalata auren, gaisuwa ta yanke. Sai dai ni abin da ke damuna, ba mai shirun ke ɗanɗana kuɗarsa ba, yarinyar ce, wataƙila da goyo.

Shiru ya dace da wanda abin da ya sani tsohon laifi ne da aka tuba, ko jita-jita, ko kuma shi da manemin suna da jiƙaƙƙiya. Faɗa kuwa na wanda ya gani da idonsa ne, aibin yana nan har yau, kamar duka ko shaye-shaye, kuma zai iya gaya wa waliyyi kaɗai ba ƙari.