Sharhina kan Small Fruit Update ta ƙungiyar Northwest Berry Foundation

Ga duk mai noman buluberi, rasberi ko sitiroberi a jihohin Oregon da Washington na Amurka har zuwa lardin British Columbia na Kanada, wannan wasiƙa da ake aikowa ta imel ta cancanci a buɗe ta da zarar ta iso. Ƙungiyar da ke fitar da ita ba ta neman riba, kuma ba a biyan ko kwabo. Ni ɗan fili ne gare ni a kwarin Willamette da ke Oregon, ba ni da ƙarfin ɗaukar ƙwararre ya riƙa zaga mini gona, shi ya sa ta yi mini rana.

Abin da na fi daraja a cikinta shi ne rahoton gonaki. Manoma da masu duba amfanin gona na faɗin abin da idonsu ya gani: ina aka fara fure, ina 'ya'ya suka fara nuna, wace cuta ta ɓulla. Mutum ya ji labarin makwabcin da ke kudu da shi, ya san abin da ke tafe.

Wani ƙaramin ƙudan 'ya'yan itace mai ɗigo a fiffike, wanda ake kira spotted wing drosophila da Turanci, ya isa misali. Daga Asiya ya fito, an gan shi a Kalifoniya a 2008, ya shigo Oregon a 2009. Sauran ƙudaje sai ɗan itace ya ruɓe suke sauka, amma macen wannan tana da abin yanka mai haƙora kamar zarto, tana tsaga lafiyayyen ɗa tun yana kan nuna ta zuba ƙwai. Daga waje ba ka ganin komai, tsutsa na ciki tana ɓarna. Ta hanyar wasiƙar na kai ga bayanan masu binciken jami'ar jihar Oregon: a rataye tarko mai ruwan tsamin tuffa, a ɗebi 'ya'ya a ɗan murƙushe cikin ruwan gishiri, in da tsutsa za ta fito. A yi tsinka akai-akai, kada a bar na ƙasa. Wallahi wannan kaɗai ya rage mini feshin da ba dalili.

Ban manta zafin Yunin 2021 ba, lokacin da Portland, birni mafi girma a Oregon, ta kai digiri 46 a ma'aunin Selsiyos, rasberi suka dahu a jikin reshe. A irin wannan mako, jin abin da wasu suka yi da ban-ruwa na kwantar da hankali.

Tana kuma sanar da ranakun taron gona, irin waɗanda ake yi a cibiyar binciken noma ta garin Aurora a Oregon, inda ake ɗanɗana sababbin iri kafin a sa kuɗi a dashe.

Da Turanci take, kuma don damuna da ƙasar wannan yanki aka yi ta. Manomin sitiroberi a Jos zai ƙaru da sanin ƙwari, amma lokutan aikin ba nasa ba ne.