Kafin ka sayi injin shara mara waya, fara duba batirinsa

Injin shara mai sanda, irin wanda ba ya jan waya, rayuwarsa gaba ɗaya a batiri take. Ranar da batirin ya gaji, injin ya gama aiki, ko da jikinsa na nan yana ƙyalli. Shi ya sa duk wanda ya nemi shawarata, tambaya biyu nake fara ɗora masa: batirin nan ana zare shi da hannu ko a ɗaure yake cikin injin? In ya mutu, ana samun na asali a saya shi kaɗai? Injin da na fara riƙewa ƙarfin zuƙarsa babu laifi, amma batirinsa a manne yake a ciki. Sannu a hankali ya koma ba ya iya gama falo, daga baya ko rabin ɗaki ba ya kaiwa yake ɗaukewa. Na nemi batirin canji, kamfanin ya ce ya daina yin wannan samfurin. Motarsa, wato na'urar da ke zuƙar iska a ciki, lafiya lau, buroshi lafiya lau, amma haka aka jingine shi a lungu. Har yau abin yana min ciwo.

Minti 60 ɗin da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali gaskiya ce, sai dai guntuwa ce. Ana auna shi ne a mafi ƙarancin gudu, galibi da ɗan bakin da ba shi da mota a ciki. Da zarar ka maƙala babban kai mai juya buroshi, mintocin sun ragu. In ka kai shi ƙarshen gudu kuwa, sai su zube ƙasa warwas. Dyson V8, alal misali, an ce yana kai minti 40, amma a ƙarshen gudu wajen minti 7 yake yi. Lissafin ba wuya. Batiri mai bolt 21.6 da 3000mAh (mAh ma'aunin yawan cajin da batiri ke ɗauka ne) yana riƙe da wutar da ta kai kusan wat 65 na awa guda. Motar da ke shan wat 400 za ta shanye wannan cikin minti 10. Don haka abin tambaya shi ne tsawon lokacin da yake yi a matsakaicin gudu da babban kai a jiki, domin a nan ne sharar yau da kullum take.

Lambobin ƙarfin zuƙa kuma nan ne ake rikita mai saye. Wani zai rubuta W, wani AW, wani Pa, kuma ba abu ɗaya suke aunawa ba. W wutar da motar ke sha ce kawai, ba ta gaya maka yawan dattin da zai tashi. Pa matsin zuƙa ne, kuma yakan kai ƙololuwa lokacin da aka toshe bakin injin, wato lokacin da iska ba ta wucewa, babu abin da ake kwashewa. AW ne ya fi kusa da gaskiya, saboda ya haɗa matsin da yawan iskar da ke wucewa. In ka ga injin da babu wanda ya san sunan kamfaninsa yana kirarin Pa dubu hamsin, ga shi kuma an yi shiru game da AW, to ka wuce kawai. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Ƙasan gidanka ne zai zaɓa maka irin kan da za ka sa wa injin. Tayil, katako da ledar ɗaki suna son gangariyar nan mai laushi, wadda ke lasar ƙura tana haɗiye manyan ɓurɓushi maimakon ta tura su gaba. Kafet da darduma mai kauri kuwa sai buroshi mai tauri da zai kaɗa zaren ya fito da abin da ya nutse. In akwai masu dogon gashi a gida, ko kyanwa, nemi kan da aka yi masa haƙoran taje gashi a ciki, in ba haka ba za ka riƙa zama da almakashi kana yanke gashin da ya naɗe buroshi.

Ni dai nawa zaɓin Dyson V12 Detect Slim ne, kuma ba na ɓoyewa. Ya fito a 2021, shekara uku bayan kamfanin ya ce ya daina ƙirƙiro sababbin injuna masu waya, a lokacin da ya fitar da V10. Abin da ya fara jan hankalina batirinsa ne: ka danna maɓalli ya zaro, ka tura wani ya shige da ƙaras. Babu sukundireba, babu kai wa mai gyara. Wanda gidansa ke da faɗi zai iya ajiye na biyu a cike, in ɗaya ya ƙare ya canza ya ci gaba.

Sai nauyi. Kilo 2.2 ne ko kusa da haka, alhali yayansa V15 ya kai kilo 3. A takarda bambancin kamar ba komai ba, amma injin sanda motarsa da batirinsa a sama suke, a wuyan hannunka. Bayan minti goma kana ɗaga shi zuwa labule da kusurwar silin, za ka ji kowane giram. Kuma V12 da maɓalli ake kunna shi. V8, V10, V11 da V15 kunama gare su irin ta bindiga, dole yatsanka ya ci gaba da matse ta muddin kana shara. Ga tsoho, ko mai ciwon gaɓoɓi, wannan kaɗai ya isa ya raba gardama.

Akwai kuma koren hasken leza da ke gaban kan nan mai laushi. Mutane da yawa na ɗauka ado ne. Ka rage hasken ɗaki ka tura shi kan tayil ɗin da ka rantse an share: hasken yana kwanciya dab da ƙasa, sai kowace ƙwayar ƙura ta fito da inuwarta, ga wani siririn layi fari a gindin bango, ga gashi ɗaya-ɗaya a ƙarƙashin kujera. Amfaninsa shi ne ka san inda ka wuce da inda ka tsallake, ba ka maimaita wuri sau uku kana ƙona caji a banza. Injin yana da wata na'ura a ciki da ke jin yawan ƙurar da ke shigowa, ta ƙara gudu inda datti ya yi yawa, ta sassauta inda babu. Ɗan allon da ke bayansa kuma yana nuna mintocin da suka rage, da minti da daƙiƙa, ba sai injin ya mutu maka a tsakiyar ɗaki ba.

Aibinsa mazubin shara ne, lita 0.35 kacal, ƙasa da rabin na V15. A gida mai yara za ka juye shi fiye da sau ɗaya kafin ka gama. Ƙarfinsa AW 150 ne, na V15 ya haura 200, saboda haka gidan da kafet mai kauri ya rufe ko'ina ya fi dacewa da babban. Ga gidan tayil mai darduma nan da can, V12 ya isa har ya yi saura.

Sauran fa? V8 tsoho ne mai amana, amma batirinsa da sukurori aka ɗaure shi. Miele Triflex yana iya tsayuwa da kansa in ka mayar da motar ƙasa, sai dai ya fi nauyi. Shark yana da sanda mai lanƙwashewa don shiga ƙarƙashin gado. Samsung Jet na da tashar da ke zuƙe sharar zuwa cikin jaka, abin so ga mai asma, amma jakar saye ce kullum. Makita ya fi kama da injin shagon kafinta, yawancinsu babu buroshi mai juyawa, kafet ya fi ƙarfinsu. Wanda kawai nake ɗaga wa hula shi ne Bosch Unlimited, saboda batirinsa mai bolt 18 ɗaya ne da na kayan aikin gida na kamfanin, irin su injin huda bango, wanda ke nufin ba zai ɓace daga kasuwa da wuri ba.

Maganar matacin ƙura a taƙaice: mataci irin wanda ake kira HEPA, in na gaske ne, yana kama kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyin da girmansu ya kai mikron 0.3. Amma mataci mai kyau a jikin injin da ke yoyon iska aikin banza ne, ƙurar za ta bi ta gefe ta dawo hancinka. Ka nemi wanda aka ce gaba ɗayansa a toshe yake. Ka wanke matacin kamar sau ɗaya a wata da ruwan sanyi, ka bar shi ya bushe awa 24 cur kafin ka mayar, domin danshi yana lalata mota.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wato jabu. Kasuwar batirin canji a intanet cike take da ƙarya, kuma ƙaryar tana da sauƙin kamawa in ka san yadda batirin yake a ciki. Ƙananan ƙwayoyin lithium ne aka jera ɗaya bayan ɗaya, kowace bolt 3.6. Shida su ba da 21.6, bakwai su ba da 25.2. A irin wannan jeri bolt ne ke taruwa, mAh ba ya taruwa, yana nan daidai da na ƙwaya guda. Ƙwaya mai girman da ake kira 18650 iyakarta wajen 3500mAh ce, babbar 21700 kuma tana yawo a wajen 5000. To mutum ya zo maka da batiri mai girman na asali ya rubuta 9000mAh a jiki, daga ina sauran suka fito? Sitika ce kawai. Ka ɗauke shi a hannu, sau da yawa za ka ji ya fi na asali sauƙi, saboda ƙwayoyin ciki ƙanana ne ko tsofaffin da aka ciro daga wasu na'urori aka sake musu riga.

Asarar kuɗi ita ce ƙaramar matsalar. Motar injin shara tana jan wuta da ƙarfi, kuma ƙwayoyin da ba a yi su don wannan ba suna zafi. Batirin kirki yana da allon da ke lura da zafi da cajin kowace ƙwaya, ya yanke wuta in abu ya wuce gona da iri. A jabu wannan allon ne ake fara yi wa ƙwauro. Abin da ka rataye a bango yana caji cikin dare, kusa da inda yara ke barci, ba wurin neman araha ba ne. In ka ga batiri ya kumbura, ko yana zafin da hannu ba ya iya riƙewa, ko yana wari mai kama da na sinadari, cire shi, fitar da shi waje nesa da abin da zai kama wuta, kada ka sake caja shi, kada kuma ka jefa shi cikin sharar gida. Caja ma haka take, bakin da ya shiga rami ba shi ke nuna bolt ɗin ya dace ba.

Injin kansa ana yin jabunsa, har da launi da siffar kwali. Akwai shafukan da ake buɗewa da tambarin babban kamfani, su yi shelar ragin da hankali ba zai ɗauka ba, da agogo yana ƙirga minti wai garaɓasar za ta ƙare, su karɓi kuɗi, bayan mako biyu babu shafin babu kaya. Akwai masu sayar da na hannu, su goge jikin ya yi fes, su kunna maka na daƙiƙa goma a ƙaramin gudu. Daƙiƙa goma ba ta nuna komai. Ka ce a cika shi, a sa shi a ƙarshen gudu a gabanka, ka duba agogo. Batirin da ya gaji minti ɗaya ko biyu zai yi ya ɗauke. Mataci ma ana buga masa HEPA a jiki alhali takarda ce mara kauri, ka ɗaga shi a haske za ka hangi ƙofofin da ke gefen roba inda gam bai kama ba.

In kayan sun iso, kafin ka yar da kwali, nemo lambar injin da ke jikinsa, galibi kusa da batiri ko bayan mazubin shara, ka yi masa rajistar garanti a shafin kamfanin na ainihi, wanda ka rubuta adireshinsa da hannunka, ba wanda mai sayarwa ya turo maka ba. In shafin ya ƙi karɓar lambar, ko ya nuna an riga an yi mata rajista, ka mayar da injin tun kwanakin mayarwa ba su ƙare ba.