Abincin dare a Faransa, ba mai ce maka tashi

'Yan uwa na gida barkanku da warhaka. Hutun bana daga Ingila na tsallaka Faransa ni da wani abokin aikina muka yi yawon keke a hanyar da suke kira Loire à Vélo, ta bi gefen kogin Loire kusan kilomita 900, mu dai tsakanin garuruwan Blois da Saumur muka yi namu. Tsofaffin gidajen sarauta da gonakin inabi duk mun gani, amma abin da ya tsaya min a rai cin abincin darensu ne.

Bari in fara da abin haushi. Ka yini kana taka feda ka iso Amboise wajen ƙarfe 5 cikinka na kuka, ka tarar gidajen abinci a rufe, tun ƙarfe 2 sun kashe wuta ba za su buɗe ba sai 7 ko 7 da rabi ko da kuɗinka a hannu, sai dai ka lallaɓa shagon burodi. Ga alade ko ina, wani abu da mutanen Tours ke ji da shi wai rillettes naman alade ne zalla, dole kowane faranti ka tambaya, har miyar kifi sai ka tabbatar ba a zuba giya ba.

Amma da muka zauna wallahi jikina ya yi sanyi. Yarinyar da ke kawo abinci ta ajiye burodi da ruwa kyauta ta tafi abinta. Aka kawo ɗan abin taɓa baki, can sai kifin kogi, can sai cukunsu na nonon akuya Sainte-Maure, dogo ne an shafe shi da toka da siririn kara a tsakiya, sannan kayan zaƙi da kofi, tsakanin kowanne a barka ka numfasa ka yi hira. Kusan awa uku ba wanda ya kawo takardar kuɗi sai da muka nema, a wajensu rashin ladabi ne a kawo maka ba ka tambaya ba. Rana ma ba ta faɗi ba sai wajen 10, na sauka bakin kogi na yi magariba na dawo kujerata na nan. Teburin kusa da mu kaka ce da 'ya'ya da jikoki, ban ga waya a hannun kowa ba. Ba banza UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa wannan al'ada tasu cikin al'adun gado na duniya a 2010 ba.

Nan kewar zaurenmu na Zariya ta kama ni, bayan isha'i kwano ɗaya da Baba da maƙwabta hira har dare ya raba. Mu fa muna da abin nan muka yar. Yanzu maigida a ɗaki shi kaɗai yana loma yana latsa waya, yara can, uwa can. A gidan abinci kuwa ba ka gama suɗe hannu ba an janye kwano ana maka kallon tashi wani ya zauna, haba jama'a!

Tsada kam akwai ta. Wanda zai zo ya kira ya kama tebur tun da rana, don a ƙananan garuruwa in 9 ta wuce da wuya su karɓe ka.