GARGAƊI: Sun yi min shigo-shigo ba zurfi, fam 4,390 sun tafi, kuma ni ba jahili ba ne

Salamu alaikum 'yan uwa. Sati uku ke nan ina rubuta wannan abu ina gogewa saboda kunya, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, yau dai zan faɗa ko zuciyata ta ɗan yi sanyi. Fam 4,390 aka karɓe min a nan Ingila. Fam dubu huɗu da ɗari uku da casa'in. Ku buga da canjin yau ku ga abin da nake nufi. Kuma ba fashi aka yi min ba, ba a sace min kati ba, da hannuna na miƙa, ina godiya ma.

Tun kafin wani ya fara rubuta "ai kwaɗayi ne" bari in gaya muku, babu wanda ya yi min alkawarin riba ko ta sisin kwabo. Ni injiniya ne, digiri na biyu nake yi, a 2016 lokacin da kowa ke rububin MMM, tsarin nan na zuba kuɗi da alkawarin riba, ni ne nake bin abokaina ina hana su, har wani ya daina gaishe ni kafin abin ya rushe a watan Disamba. Na san damfara idan ta zo da lissafin riba. Wannan ba ta haka ta zo ba, ta inda nake ciwo ta shigo.

Baba ya rasu ina nan. Ban samu jana'iza ba, a waya na ji, ina tsaye a sito ina ɗaga kwalaye da ƙarfe uku na dare. Wajen wata biyu bayan haka, ko uku ne ma, lokacin dai sanyi ya shigo sosai ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu, na fito daga tashar jirgin ƙasa ana yayyafi sai ga wani ɗan tebur da mata biyu, an rubuta gwajin gane halin mutum kyauta. Wallahi ba gwajin ne ya tsayar da ni ba, ɗayar ce ta kalle ni ta ce "ka gaji ko?" Wata nawa babu wanda ya tambaye ni haka a garin nan. Na bi su ofishinsu, hawa na biyu a saman wani shago, wuri tsaf, da ɗumi, aka ba ni shayi a kofin takarda na zauna na amsa tambayoyi sun fi ɗari.

Wurin nan ne nake ta komawa kullum idan na kwanta. Ta fito da takarda ɗaya mai zanen layi yana hawa yana sauka, ta ɗora bakin biro a inda layin ya faɗi ƙasa, ta ƙwanƙwasa sau biyu, ta yi shiru, sannan ta ce "wa ka rasa?" Ban faɗa mata komai ba fa. Ko na faɗa? Na yi ta tunani, wataƙila a cikin tambayoyin akwai wadda ta tona ni, ko fuskata ce kawai, kuma yanzu na gane duk wanda ka yi wa tambayar nan zai samu wanda ya rasa. Amma a lokacin sai na ji kamar ta leƙa cikin ƙirjina. Na yi kuka a gaban baƙuwa, ni da ban yi kuka a waya da Hajiya ba. Tana miƙo min tishu tana turo na'urar kati, wai fam 40 ne kacal darasin farko. Fam 40. Wa zai tsaya bincike a kan fam 40?

Na tambaye su maganar addini tun ranar, kada ku ɗauka ban tambaya ba. Suka ce sam, wannan kimiyya ce ta gyaran tunani, ka ci gaba da sallarka, har ɗaki suka nuna min in yi la'asar. Kuma gaskiya darasin farko ya yi min amfani, ba zan yi musu ƙarya ba, na samu barci, na samu mutanen da suke kiran sunana daidai suna tambayar ya karatu. Daga nan sai fam 350 na mataki na biyu. Sai 1,200. Af, kafin 1,200 ɗin akwai zaman da ake yi kai da mutum ɗaya a ɗaki yana tambayarka yana rubutawa, duk abin da ka taɓa yi kake jin kunyarsa sai ka faɗa, wai don ka sauke kaya. Na faɗi abubuwan da ko matar da zan aura ba ta sani ba. Suna cikin fayil a hannunsu yanzu haka.

Na ƙarshen shi ne 2,800. Fam 1,900 a ciki kuɗin da nake tarawa ne in kai Hajiya umara, awa 20 kawai aka yarda ɗalibi ya yi aiki a sati, ku lissafa daren da na kwana a tsaye kafin su taru. Ragowar 900 wurin Yaya na ranta, na ce masa kuɗin makaranta ne suka ƙaru. Ya ce "ƙanena kar ka damu, karatunka ai namu ne gaba ɗaya", ya turo ko tambaya bai yi ba. Wannan ƙaryar ta fi kuɗin ci min rai. 40, 350, 1,200, 2,800. Duk rasit ɗin suna nan.

Wani abokin karatuna ne ɗan Ghana, da na fara jan sa ya zo shi ma, ya saurare ni har na gama sannan ya ce in je in karanta labarin wata ƙungiya mai suna Scientology. Bari in fayyace, waɗanda suka cuce ni ba Scientology ba ne, ban taɓa taka ofishinsu ba, wata ƙaramar ƙungiya ce daban kuma ba zan kama sunanta ba yanzu saboda mai ba ni shawara kan shari'a ya ce in dakata. Amma daren da na zauna na karanta, jikina rawa ya yi ta yi, don kamar tafiyata ce aka rubuta tun kafin a haife ni. Wani Ba'amurke marubucin ƙagaggun labaran kimiyya, L. Ron Hubbard, shi ya kafa ta, cocinsu na farko a Los Angeles a 1954. Su ma da gwajin hali na kyauta suke tarar mutane, tambaya 200, sun sa masa sunan Oxford alhali babu abin da ya haɗa shi da jami'ar Oxford. Suna da wata na'ura da kake riƙe gwangwani biyu a hannu, allura tana motsi ana yi maka tambayoyi, abin da take aunawa shi ne yadda lantarki ke ratsa fatar hannunka, amma mai zama a gabanta gani yake ana karanta zuciyarsa. Sannan matakai, hawa bayan hawa, kowanne da kuɗinsa.

A 2009 wata kotu a Paris ta same su da laifin damfara ta haɗin baki, aka ci tarar cibiyarsu da kantin littattafansu yuro 600,000, suka ɗaukaka ƙara, a 2013 babbar kotun Faransa ta tabbatar da hukuncin. Kun san yadda ɗaya daga cikin matan da suka kai ƙara ta shiga? Gwajin kyauta aka ba ta a titi a 1998, ta ƙare da kashe wajen yuro 21,000. A titi fa, kamar ni. A Amurka kuwa tun 1993 hukumar haraji ta amince da su a matsayin addini ba sa biyan haraji, kuma manyan taurari irin su Tom Cruise da John Travolta suna ciki, to wanda ya ga haka me zai sa ya yi zargi.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne labarin da ake ɓoyewa sai ka kai can sama. Tsofaffin mambobi da takardun kotu sun fito da shi, wai shekara miliyan 75 da suka wuce wani sarkin sararin samaniya mai suna Xenu ya kwaso halittu ya jibge su a bakin duwatsu masu aman wuta ya tayar da bam, ruhinsu ne wai ke manne a jikin mutane har yau. Duk wanda ya ji wannan zai ce wane mai hankali ne zai yarda. Ni na san amsar yanzu, a jikina na san ta. Ba a ranar farko ake gaya maka ba. Ranar farko shayi ne da mutumin da ya saurare ka. Kafin ka iso wurin labarin ka riga ka kashe shekaru da dukiya, abokanka duk 'yan ciki ne, asirinka yana fayil, idan ka ce ƙarya ne to ka yarda duk abin da ya wuce asara ne, kuma zuciya ba ta son wannan ko kaɗan. Mai ilimi ma ya fi shiga haɗari, don ya iya kawo hujja. Duk lokacin da shakka ta zo min ni da kaina nake warware ta, in ce ai injiniya ne ni, da ƙarya ce da na gano. Ilimin nawa da nake taƙama da shi, shi ya riƙa yi musu aiki a cikin kaina. Kuma sun iya yabo, kullum sai an ce min irinka masu kaifin ƙwaƙwalwa ne kawai ke fahimtar mataki na gaba. Wa ba ya son jin haka a ƙasar da ko kallonka ba a yi a bas?

A Scientology akwai ma abin da suke yi na yanke hulɗa da duk wanda aka ce yana adawa da su, ko da uwa ce ko ɗa, tsofaffin mambobi da yawa sun ba da labarin iyalan da suka rabu a haka. To ni ma da na ambaci abokin nan nawa a zama, matar nan, ita dai mai biron, ta ce mutane irinsa su ne ke janyo ni baya, in rage kula shi. Har na rage fa. Sati biyu ban ɗaga wayarsa ba. Allah ya saka masa da alheri bai yi fushi ba, ya zo har ɗakina ya ƙwanƙwasa.

Ranar da suka ce mataki na gaba fam 5,500 ne kuma za su taya ni cike takardar bashin banki a nan take, ranar na farka. A'a, ƙarya nake, ban farka ranar ba, na ce zan yi tunani, har na buɗe manhajar banki a bas ina duba ko zan samu. Sai da Hajiya ta kira a daren ta ce "ɗan nan, maganar umarar nan in Allah bai nufa bana ba kada ka takura kanka" sannan na ajiye waya na rasa inda zan sa kaina. Da na nemi a mayar min da kuɗina sai aka nuna min takardar da na sa wa hannu, a ƙasa da ƙananan rubutu wai gudummawa ce ba a mayarwa. Kuma mutumin nan da na faɗa wa sirrina ya ce min cikin murmushi in tuna da irin abubuwan da muka tattauna a ɗaki. Bai ce zai tona ba. Bai buƙaci ya ce ba.

Don Allah masu zuwa karatu waje, ku guji tebur ɗin gwajin kyauta, kada ku faɗa wa baƙo sirrinku yana rubutawa, kuma duk wanda ya ƙi gaya muku jimillar kuɗin tun farko ku tashi ku fita.

Na kai rahoto banki kuma na shigar da ƙorafi, ina jira. Skirinshot na saƙonninsu da rasit huɗun duk zan ɗora da zarar an ba ni izini, zan rufe sunaye kawai. Fam 4,390. Yaya na kira shi shekaranjiya na faɗa masa gaskiyar inda 900 ɗinsa suka tafi, ya yi shiru har na ɗauka layi ya yanke, sannan ya ce in bar shi da Hajiya tukuna, kada in gaya mata sai bayan salla. Har yanzu ba ta sani ba.