Bas, jirgin ƙasa ko jirgin sama: wanne ya dace da ɗalibin Budapest a ƙarshen mako?

Wani ƙaninmu da ya fara karatu a Budapest, babban birnin Hangari, a watan Satumba ya yi tambaya. Yana gama lakca ranar Juma'a da safe, ba shi da wata sai Litinin da hantsi, kuma yana so ya riƙa leƙa garuruwan da ke kusa. Biyana da Prag da Milan ne a ransa. Ya duba manhaja ya ga tikitin jirgin sama zuwa Milan ya fi na jirgin ƙasa zuwa Biyana arha, shi ne yake son sanin ko akwai dalilin da zai sa mutum ya bar jirgin sama ya hau bas ko jirgin ƙasa.

Akwai dalili, ƙanina. Kuɗin da ka gani a fuskar waya ba shi ne kuɗin tafiyar ba, awannin da aka rubuta a tikiti su ma ba su ne tsawonta ba. Daga sallar Juma'a zuwa daren Lahadi awa 55 ne ko kusa da haka. Lissafin da ya kamata ka yi shi ne daga ƙofar ɗakinka zuwa ƙofar masaukinka, sannan ka ga nawa ya rage maka a cikin garin da ka je gani.

Mu fara da lokaci. Biyana tana da nisan kilomita 240 ko kusa da haka daga Budapest. Jirgin ƙasa na Railjet yana tashi daga tashar Keleti, ya tsaya a Kelenföld da Győr, ya ƙetare iyaka a Hegyeshalom, ya sauke ka a babbar tashar Biyana cikin awa biyu da minti 40. Minti 15 kafin tashi ya ishe ka isa tasha, kuma inda zai sauke ka cikin gari ne. Bas ɗin kamfanin FlixBus yana tashi daga tashar Népliget, wasu daga Kelenföld, yana cin awa uku idan hanya ta yi kyau, amma yammacin Juma'a cunkoson fita daga Budapest yana iya ƙara maka rabin awa ko fiye. Maganar jirgin sama zuwa Biyana ma ba ta taso ba: kafin ka gama layin bincike a filin jirgi, wanda ya hau jirgin ƙasa ya wuce Győr.

Yanzu ɗauki Milan. Jirgin yana awa ɗaya da rabi a sama, shi ne abin da manhaja take nuna maka. Abin da ba ta nuna ba: minti 40 a bas mai lamba 100E daga Deák Ferenc tér zuwa filin jirgin Liszt Ferenc, awa biyu na jira da bincike, rabin awa na sauka da fita, sannan idan a Bergamo aka sauke ka, wanda nan ne Ryanair ya fi sauka, akwai kilomita 50 tsakaninka da Milan, wato wata awa guda a bas. Haɗa su ka gani, awa shida ce ta tafi, zuwa kaɗai. Haka abin yake da Paris idan tikitin ya ce Beauvais, wanda ke da nisan fiye da kilomita 80 daga birnin, da Brussels idan ya ce Charleroi. Ka riƙa karanta sunan filin jirgin, kada ka tsaya a sunan garin.

Prag ita ce a tsakiya, kuma ita ce ta fi rikita mutane. Jirgin ƙasa daga tashar Nyugati, ta Bratislava da Brno, yana cin kusan awa bakwai. Bas ma kusan haka. Idan ka tashi bayan Juma'a za ka shiga Prag da dare sosai, ka samu Asabar cikakkiya da safiyar Lahadi, sai dawowa. Ana iya yi, amma awa 14 a hanya cikin awa 55 ba ƙaramin kaso ba ne. Mu a ganinmu Prag ta fi dacewa da makon da aka haɗa hutu da ranar Litinin ko Juma'a.

Sai kuɗi. Idan tallafin karatu na gwamnatin Hangari, Stipendium Hungaricum, kake karɓa, forint 43,700 ne (kuɗin Hangari) a wata ga mai digiri na farko ko na biyu, Yuro ɗari da 'yan kai ke nan. Da wannan ma'aunin za ka auna komai.

Bas ne ya fi arha, kuma farashinsa ba ya yaudara. Tikitin FlixBus ya haɗa da jakar hannu ɗaya da akwati ɗaya mai kilo 20 a ƙasan mota. Jirgin ƙasa yana da farashi iri biyu. Akwai tikitin rangwame, wanda kamfanin MÁV na Hangari yake kira START Europa, na ÖBB na Ostiriya kuma yake kira Sparschiene. Wanda ya saya da mako biyu ko uku a gaba yakan samu Biyana ƙasa da Yuro 20. Sharaɗinsa shi ne an ɗaure shi da jirgi guda: ka makara, tikitin ya mutu, ba za ka hau na gaba da shi ba. Sai cikakken tikiti, wanda yake ba ka damar zaɓar jirgi, amma kuɗinsa ya ninka ko fiye. Duba shafukan kamfanonin biyu kafin ka saya, domin jirgi ɗaya, kujera ɗaya, sau da yawa farashin ya bambanta. RegioJet ma yana bin wannan hanya da nasa jirgin, ya cancanci a duba. Abu ɗaya da sababbin ɗalibai suke kuskure: rangwamen rabin kuɗi na katin ɗalibi na Hangari na cikin gida ne, ba ya bin ka ƙetare iyaka. Kuma yammacin Juma'a da na Lahadi ka ƙara ɗan kuɗi ka kama kujera, in ba haka ba kana iya yin tafiyar a tsaye a bakin ƙofar tarago.

Jirgin sama kuwa, tikitin Yuro 15 ɗin nan kujera ce kawai da 'yar jaka. A Wizz Air jakar kyauta ba za ta wuce santimita 40 da 30 da 20 ba, wato irin jakar goyon da kake zuwa aji da ita, wadda za ta shiga ƙarƙashin kujerar gabanka. A bakin ƙofar shiga jirgi akwai wani kejin ƙarfe da ake cusa jaka a ciki. Idan ba ta shige ba, ko da tayar akwati ce ta hana, nan take za a caje ka kuɗin da sau da yawa ya fi na tikitin. Idan ka manta ba ka yi rajistar shiga jirgi ta manhaja ba, wadda ake rufewa awa biyu zuwa uku kafin tashi, Ryanair yana karɓar Yuro 55 don a yi maka ita a tebur. Ƙara kuɗin bas 100E, wanda tikitinsa daban ne, katin watanka na cikin gari shi kaɗai ba ya aiki a kansa. Mai son tsimi sai ya bi layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na M3 har ƙarshe zuwa Kőbánya-Kispest ya hau bas 200E, wannan katin wata yana biya, sai dai ya fi cin lokaci. Ƙara kuɗin motar Bergamo zuwa da dawowa. Turare da man shafawa da suka wuce mililita 100 kuma suna iya ƙarewa a kwandon shara. Idan ka tara duka, tikitin Yuro 15 yakan koma 60 ko 70 kafin ka sa ƙafa a dandalin Duomo da ke tsakiyar Milan.

Akwai kuma tarkon jirgin asuba. Tikiti mafi arha yawanci na ƙarfe shida na safe ne ko na ƙarshen dare. Na ƙarfe shida yana nufin ka bar ɗaki ƙarfe uku, lokacin da jirgin ƙarƙashin ƙasa bai fara aiki ba. Bas ɗin dare ma yana da irin nasa: ana cewa ya rage maka kuɗin kwana ɗaya, gaskiya ne, amma zai zubar da kai a tasha ƙarfe biyar na asuba, masauki kuma ba zai ba ka gado ba sai ƙarfe biyu ko uku na rana. A watan Yuni wannan ba komai ba ne, gari ya waye, sai ka ajiye jaka a akwatin ajiya na tasha ka shiga gari. A watan Janairu kuwa awa uku ne na sanyi da duhu, da jiki a mace.

Maganar takardu ta fi duk waɗannan nauyi, kuma ita ce ɗaya a dukkan hanyoyin uku. Katin izinin zamanka na Hangari yana ba ka damar shiga sauran ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai da suka buɗe wa juna iyaka, na kwana 90 a cikin kowane kwana 180, a matsayin baƙo, ba don aiki ba. Amma katin shi kaɗai bai isa ba, dole ya tafi da fasfo, na ainihi, ba hoto a waya ba. Kada wani ya ce maka babu iyaka a Turai. Ostiriya tana bincike a iyakarta da Hangari tun 2015, Jamus kuma ta faɗaɗa bincike zuwa dukkan iyakokinta na ƙasa a watan Satumba 2024. A bas an fi jin abin: direba yakan duba fasfo tun kafin ka hau, a iyaka kuma 'yan sanda suna iya tsayar da motar su bi kujera kujera. A jirgin ƙasa sukan shiga a iyaka su bi taragai jirgin yana tafiya. A filin jirgi, mai fasfon da ba na Turai ba wani lokaci sai an tura shi tebur a duba takardunsa, don haka kada ka isa a ƙurarren lokaci.

Inda aka fi faɗawa matsala shi ne lokacin sabunta kati. Idan katinka ya ƙare kana jiran sabo, takardar da ofishin shige da fice ya ba ka tana halatta maka zama a Hangari ne, ba ta tafiya ba ce. Wanda ya fita da ita yana iya samun kansa a matsayin wanda ba shi da izini a wata ƙasa. Ka zauna har katin ya shigo hannunka. Ingila da Ireland kuma ba sa cikin Shengen, bizarsu daban ce, komai arhar tikitin Landan da ka gani.

Idan tafiya ta lalace fa? A nan jirgin ƙasa ya fi sauƙi. Tsakanin Budapest da Biyana jirage suna tashi kusan kowace awa, idan laifin kamfani ne ya sa ka rasa naka za a sa ka a na gaba. Dokar Tarayyar Turai ta ce a mayar maka da kashi 25 cikin 100 na kuɗin tikiti idan jinkirin ya kai awa ɗaya, rabi idan ya kai awa biyu. A jirgin sama diyyar ta fi tsoka, Yuro 250 ga tafiyar da ba ta wuce kilomita 1,500 ba idan ka isa da jinkirin awa uku ko fiye, matuƙar ba yanayi ko wani abin da ya fi ƙarfin kamfani ne ya jawo ba. Sai dai diyyar tana zuwa ne bayan makonni, kai kuma Litinin kake da aji. Jirgin daren Lahadi idan aka soke shi, mai tikiti mai arha ba lallai ya sami wani ba sai Talata. Malaman Hangari suna ƙirga rashin zuwa a darussan aiki da na ɗakin gwaji, a sassa da yawa uku ne iyaka a zango, bayan haka ba za a sa maka hannu ka zauna jarrabawa ba.

Ta fuskar salla da abinci ma akwai bambanci. Duk waɗannan tafiye-tafiye sun kai na ƙasaru. A jirgin ƙasa za ka iya tashi ka yi alwala a natse, a bas kuwa bayin ƙarami ne, wani lokaci a kulle, don haka ka hau da alwalarka. A watan Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe huɗu, wanda ya tashi bayan Juma'a Magariba a hanya za ta same shi. Biyana tana da sauƙi ga Musulmi: babban masallacin Floridsdorf, wanda aka buɗe a 1979, yana kusa da tashar Neue Donau a layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na U6, unguwar Favoriten da ke bayan babbar tasha kuma cike take da shagunan Turkawa masu naman halal. Ka dai tuna ranar Lahadi kantuna a rufe suke a Ostiriya, sai 'yan kaɗan da ke cikin manyan tashoshi, don haka ka sayi guzurin dawowa tun Asabar. A Prag kuɗinsu koruna ne, ba Yuro ba. Idan na'urar cire kuɗi ko ta biya ta tambaye ka a wane kuɗi za ta caje ka, zaɓi na ƙasar da kake ciki, domin canjin da na'urar take yi da kanta ya fi na bankinka tsada.

Ga yadda muke ganin garuruwanka uku. Biyana, jirgin ƙasa da tikitin rangwame, bas idan ka makara wajen saye har farashi ya hau. Kana ma iya zuwa da safe ka dawo da dare ka huta da kuɗin masauki, haka ma Bratislava, wadda ke awa biyu da rabi daga Nyugati. Prag, jirgin ƙasa da rana idan akwai ƙarin kwana, bas ɗin dare idan lokacin zafi ne kuma aljihu ya yi ƙasa. Milan, jirgin sama ne kaɗai ke da ma'ana, da jakar goyo ɗaya, ka tashi yammacin Juma'a, ka kuma sayi na dawowa da ranar Lahadi, ba na ƙarshe a daren ba, domin idan an soke shi ka sami sauran awanni na neman wani.